Daga Samariya zuwa Sayam

Watan jiya na fara haɗa dosiyen neman gurbin karatun masta a fannin tsare-tsaren al'adu da ci gaban al'umma. Cikin takardun da aka nema har da wasiƙa mai shafi ɗaya, inda mutum zai faɗi dalilin da ya sa yake son wannan karatu. Kwana huɗu ina juya biro, shafi ɗaya ya gagare ni. Duk sanda na zauna, wani tsoho mai algaita da na sani a sansanin Sayam Forage ne ke faɗo mini a rai, kuma ba yadda za a yi labarinsa ya shiga irin wasiƙar nan da ake buɗewa da ladabin Faransanci a rufe da shi. Da ƴan ƙungiyarmu suka ce kowa ya kawo rubutu, sai na ce to bari in zube shi a nan, in bi abin tun daga tushe, ko na gane me nake shirin jefa kaina ciki.

Ga wanda bai san wurin ba, Sayam na arewa da garin Difa, tafiyar kilomita arba'in da wani abu, cikin ƙasar Shetimari. Da ka bar kwalta sai rairayi da aduwa da tumfafiya. Rabin sunan Faransanci ne, ma'anarsa rijiyar burtsatse, kuma ruwan nan ne ya tara duk abin da ya taɓa taruwa a wurin. Kafin 2014, in ka ce Sayam a Difa shanu ake tunowa. Bayan farin 1973 da 1974 da ya share garkuna, gwamnati ta buɗe gandayen kiwo don a maido da dabbobin ƙasa. Sayam na cikinsu, aikin da aka ba shi kuwa shi ne adana irin shanun kuri, fararen nan masu kumburarrun ƙahoni da Buduma ke kiwo a tsibiran tafkin Cadi, masu iyo daga wannan tsibiri zuwa wancan. Wato tun kafin a haife mu akwai ma'aikata da rajista da kasafin kuɗi a Sayam, don kar wani iri na bakin tafki ya ɓace.

Ina kwaleji lokacin da ƴan Boko Haram suka shiga Damasak, ranar 24 ga Nuwamba 2014. Garin na tsallaken Kumadugu, kuma lokacin kogi ya cika. Mutane suka faɗa ruwa, wasu suka haye zuwa Gagamari da Shetimari, wasu ruwa ya tafi da su. A gidanmu dangin kakata suka sauka, har zaure sai da aka raba shi da tabarma. A ƙarshen Disamba gwamnati da hukumar HCR suka buɗe sansanin Sayam, nesa da iyaka kamar yadda ƙa'ida ta tanada. Da farko da yawa ƙin zuwa suka yi, kuma ban ga laifinsu ba. Manomin tattasai da masunci, me zai je yi a tudun rairayi? Amma ranar 6 ga Fabrairu 2015 aka kai hari Boso da Difa. A watan Afrilu aka yi na tsibirin Karamga, a farkon Mayu hukuma ta ce kowa ya fita daga tsibirai, dubban mutane suka tako a ƙasa cikin zafin bazara zuwa Ingigimi da Boso. A watan Yuni 2016 aka sake faɗa wa Boso. Gefen kwaltar RN1 ya cika da bukkoki, Sayam kuma a hankali ya zama gari, da kasuwarsa da lakwal da masallatai da yaran da ba su taɓa ganin kogi ba.

Ni na fara shiga Sayam ne da hula da riga mai tambarin wata ƙungiyar agaji. Hutun ƙarshen shekara ne, ana ɗaukar ɗalibai masu jin Barbarci da Hausa su bi gida-gida da tambayoyi a cikin waya. Mutum nawa ne a gidan, jarka nawa kuke ɗiba, sau nawa kuka ci jiya, da itace kuke dahuwa ko da gas. A rana ta uku na isa wata bukka, na tarar da tsoho yana gyaran igiyar akuya. Na yi masa tambayoyina yana amsawa a gajarce. Da na miƙe zan tafi sai ya ce:

"Ɗan lakwal, ka tambayi buhu, ka tambayi jarka. Ba ka tambayi sana'ata ba."

Na ce, "Baba, ai da saura, ga ta nan. Noma, kiwo, su, kasuwanci, ko babu."

Ya ɗan yi shiru, ya ce, "To rubuta babu."

Na rubuta babu. Maƙwabcinsa ne ya biyo ni ya ce mini wannan da ka gani mai algaita ne, ubansa da kakansa su suka yi wa lawanin garinsu busa, can wajen Abadam. Washegari na koma ba waya a hannu. Ya ce tasa ta gado tana can inda ya baro ta, wadda ke hannunsa yanzu a kasuwa aka sayo masa. Na ce ana kiran ka kuwa? Ya ce ana kira mana. Ranar 20 ga Yuni, ranar ƴan gudun hijira, da kuma duk ranar da manyan baƙi za su zo da fararen motoci. Wani lokaci kuma a haɗa shi da samari masu wasan kwaikwayon wanke hannu, ya busa mutane su taru, a ba shi jika biyu. Bai raina jika biyun ba, amma ya ce mini yana dariya, "Yaro, algaita sunayen mutane ta sani, ba ta san sabulu ba." Nufinsa, abin da yake busawa kirari ne da jerin iyaye da kakanni, wane ɗan wane, wanda mai shi zai ji daga nesa ya san da shi ake. A filin taron nan ba wanda ake kira, hayaniya kawai ake so.

Na daɗe ina ɗora wa ƙungiyoyin agaji laifin wannan ɗabi'a ta ɗauko makaɗi a rataya masa saƙo. Da na fara karance-karance sai na ga ashe gado suka tarar.

Samariya ta girmi gwamnati. A garuruwan Hausa tun da can samari na da sarkinsu, ƴan mata na da shugabarsu, su ke kiran gayya, su share gari, su tarbi baƙo, su shirya wasan dandali da kokowa bayan kaka. Ba wanda ya rubuta musu tsari. Da siyasar jam'iyyu ta zo a shekarun 1950, RDA da Sawaba kowa ya shiga jan samari wajensa, don an gane wanda ke da dandali shi ke da gari. Bayan 1960 gwamnatin Jori Hamani ta zo da nata salon: aka kafa kulob-kulob na sauraren rediyo a 1962, aka baza ma'aikatan wayar da kai cikin karkara, waɗanda ake kira animata. A takarda tunanin na da kyau ƙwarai, wai ƙauye ya zaɓi mutanensa, su tattauna matsalarsu, maganar ta hau sama. A aikace, maganar da ta fi yawo ita ce mai saukowa: a biya haraji, a noma gyaɗa, a shiga kofaratif.

Seini Kunce ne ya ɗauki abin da gaske. Da ya kifar da Jori ranar 15 ga Afrilu 1974 ya hana jam'iyyu, to amma soja ma yana bukatar hanyar da zai kai ga talaka. Sai ya ɗauko Samariya ya kakkaɓe ta, ya shimfiɗa ta a kan ƙasa baki ɗaya, har inda ba a san ta da wannan suna ba, wajen Barebari da Tubawa da Buzaye. A 1975 aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko a Tawa. A 1976 aka buɗe bikin matasa na ƙasa a Damagaram, daga nan ya riƙa zagaya jihohi, kuma jihar da za ta karɓi baƙi takan samu filin wasa da gidan matasa da al'adu, MJC ɗin nan da muka taso muka gani. Daga baya aka gina abin da aka kira tsarin al'ummar ci gaba, majalisa kan majalisa tun daga ƙauye har Yamai, an ɗora shi a kan duwatsu biyu, Samariya da kofaratif.

Babanmu ɗan Samariya ne a Maine Sorowa, kuma har gobe in ana hirar ba ka isa ka kushe ta gabansa ba. Yakan lissafa azuzuwan da suka gina da tubalin hannunsu, da itatuwan da suka dasa, da daren da suka yi wata guda suna koyon rawa don zuwa gasa. Ina ganin yana da gaskiyarsa. Ku tuna Difa ta fi kilomita 1,300 daga Yamai. Ƙaramin gari ne da aka ɗaga ya zama babban birnin jiha a shekarun 1960, Naira ta fi sefa yawo a kasuwarsa, Maiduguri ta fi kusa da shi a tafiya da kuma a zuciya. Ga mutanen yamma da yawa, a wannan biki da Tele Sahel suka fara ganin rawar Manga da ta Tubawa. Shi ma Babanmu a nan ya fara zama da Bazabarme a tabarma ɗaya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da Turawa suka zana da rula. Zamanin ne kuma ya ɗaukaka irin su Ɗan Gurmu na Tawa da Yazi Dogo.

Amma na tambaye shi wata rana, wa ke zaɓen abin da za ku yi waƙa a kai? Ya ce ai daga sama yake zuwa. Haɗin kan ƙasa, dashen itace, yaƙi da jahilci, kar matasa su bar gida su tafi cin rani. Sufurefe na zaune a gaba, alƙalai na ba da maki, rawar da a gida ake kwana ana yi sai a datse ta ta dawo minti kaɗan, a jera masu yi su fuskanci manyan baƙi. Na ce to in kuna da kuka da sufurefen kansa fa? Ya kalle ni kamar na yi saɓo. Nan na gane inda gizo ke saƙa. An ba matasa dandali da fitila da lasifika, abu ɗaya aka riƙe, wato zaɓen magana.

Shi ya sa da iska ta juya ba abin da ya tsaya. Kunce ya rasu a Nuwamba 1987, Ali Saibu ya zuba Samariya cikin jam'iyyar MNSD a 1989, ranar 9 ga Fabrairu 1990 aka harbi ɗalibai a gadar Kennedy, a 1991 aka yi babban taron ƙasa. Ga ɗaliban wancan lokaci Samariya ƴar koren mulki ce, kuma da mulkin ya tafi sai ta bi shi. Ta gargajiyar da aka haɗiye a 1975 ba ta dawo ba. Gwamnati ba kuɗi, albashi ma sai an yi wata da watanni, sefa ta karye a 1994, gidajen MJC da yawa suka koma wurin hayar biki da kallon bidiyo. Samari suka koma fada, gindin bango da butar shayi. Abin lura, fada ba wanda ya tsara ta, ba ta da minista, ga ta nan kuma shekara talatin ba ta mutu ba.

Takardu kam ba a daina rubutawa ba. Tun taron UNESCO na Meziko a 1982 duniya ta amince al'ada ta wuce rawa da waƙa, ta haɗa da yadda mutane ke rayuwa gaba ɗaya. Nijar ta yi dokar da ta shata manufar al'adu a 2009. A 2014 UNESCO ta sa wasan taubasai namu cikin gadon duniya, irin wanda ke tsakanin Babarbare da Bafillace. A 2016 aka yi ma'aikata sukutum mai sunan farfaɗo da al'adu. Bikin 18 ga Disamba da ya riƙa zagaya jihohi ya bi Doso, Maraɗi, Agadas, Tawa, Damagaram, Tilaberi, ya iso mu a 2021 da sunan Difa Ngila, bayan an ɗaga shi da shekara guda. Shekara ta zagayo aka kawo mana takobin kokowa. Wallahi na ji daɗi, na yi ihu a fili har muryata ta dushe, kuma kwaltar da aka shimfiɗa muna takawa. Sai dai siffar ita ce ta 1976: a gina, a yi mako guda, baƙi su hau jirgi. Tsohona na Sayam a rediyon maƙwabcinsa ya ji bikin.

Yanzu ga abin da ya fi tsaya mini, kuma ban same shi a littafi ba, a bakin tsohon na same shi. Na tambaye shi yaushe sana'arsa ta mutu, ina jiran ya ce ranar da suka gudu. Ya ce a'a, ko bayan sun hayo yana ɗan samun kira. Ranar da aka hana tattasai ce.

Duk ɗan Difa ya san me tattasai yake. Shi ne arzikin bakin Kumadugu, ana shanya shi ja wur a kan rairayi, a ɗura a buhu, manyan motoci su kwashe zuwa Najeriya. Na biyunsa banda, kifin tafki. In an sayar da tattasai ake aure. A nan ake lalle, a yi daren wushe-wushe, a hau doki, a yi liƙi, kuma daga wannan kuɗi mai ganga da mai algaita da zabiya da mai kitso da maɗinki da baduku mai kayan doki suke cin shekara. A Fabrairu 2015 aka kafa dokar ta-ɓaci. Aka hana hawan babur, kabu-kabu suka zauna. Aka sa dokar hana fitar dare. Aka hana cinikin tattasai da na kifi, aka ƙuntata takin zamani da man fetur, aka rufe wasu kasuwanni. Hukuma ta ce ƴan ta'adda na karɓar haraji a kan wannan ciniki, kuma ban ce ƙarya ta yi ba, mu da muka kwana muna jin harbi mun san ba wasa ake ba. Sai a 2017 aka saki tattasai, kifi kuwa sai 2019. To ku lissafa da kanku. Ba kuɗin aure, ba taron dare, ba babur da zai kai makaɗi ƙauye, lawanin da ake yi wa busa shi ma yana cikin bukka yana jiran rabon masara. Yaron da ya kamata ya fara bin ubansa wurin biki yana shekara goma, ya kai sha biyar bai ga biki ko ɗaya ba.

Don haka in aka tambaye ni wace takarda ce ta fi taɓa al'adun jihar Difa a wannan ƙarni, ba zan nuna dokar 2009 ba. Takardar dokar ta-ɓaci zan nuna, wadda ba kalmar al'ada ko ɗaya a cikin tunanin masu rubuta ta. Wannan ne dalilina na farko na son karatun nan: a samu wani a ɗakin da ake yanke irin wannan hukunci da zai ɗaga hannu ya ce, to, in an yi haka ga abin da zai bi ruwa, me za mu tanada?

Akwai kuma wani rami da mutanen Sayam suka faɗa, na wa ke da su. Ma'aikatar al'adu ta Yamai ƴan Nijar take wa aiki, su kuwa baƙi ne. Ta Abuja da ta Maiduguri ba sa tsallaka kogi. Masu agaji sun raba aikinsu gida-gida, ruwa, lafiya, matsuguni, abinci, ilimi, kariya, kuma algaita ba ta da gida a ciki sai in za ta yi wa ɗayansu shela. Alhali Mobar na wannan gaɓa da na waccan uwa ɗaya uba ɗaya ne. Birnin Gazargamu da Mai Ali Gaji ya kafa a ƙarni na 15, wanda ya riƙe Borno har aka ci shi a 1808, kangonsa na nan kusa da wannan kogi. Kogin tsakiyar ƙasa ne, sai da Faransa da Ingila suka aiko ma'aunansu tsakanin 1906 da 1908 ya zama iyaka. Kirarin da tsohon ke busawa ya girmi iyakar, kuma rabin sunayen da ke ciki kakannin mutanen Geskeru da Boso ne.

In kuna neman inda aka taɓa yin abin daidai a yankinmu, ni misali ɗaya na sani, kuma ba biki ba ne. Malam Mamman Barka, ɗan Tesker, malamin lakwal ne kafin a san shi da gurmi. Buduma na da wani abin kiɗa mai tsirkiya biyar da ake kira biram, siffarsa kamar kwalekwale, suna girmama shi don sun ce yana da alaƙa da iskokin tafki. Ya zo ya zama saura mutum ɗaya da ya ƙware a kai, Bukar Tar. A 2002 Barka ya samu tallafin UNESCO, ya tattara ya tafi bakin tafki ya zauna gaban tsohon nan a matsayin almajiri, shi da ya riga ya yi suna a rediyo. Ya koyi kiɗan da waƙoƙin da ladubban riƙe shi, Bukar Tar ya danƙa masa biram ɗin, bayan ƴan shekaru ya rasu. Barka ya kai shi har Ingila, ya fitar da faifai a 2009 tare da makaɗinsa Umaru Adamu. Ku duba ranakun. Da ya jinkirta da shekara goma sha uku, da tsibiran da zai je sun zama kufai. Kuɗin da aka kashe kuwa na mutum ɗaya ne da guzurinsa. Sai dai Barka ma ya rasu a Nuwamba 2018, kuma tambayar da ke kan biram yanzu ita ce dai wadda ke kansa a 2002. Sa'a ce aka yi aka samu mutum mai naci. Ba a mayar da abin tsari ba, yadda in wannan ya faɗi wani zai ɗauka.

Maƙwabtanmu na Zariya sun gwada wata hanyar. A Jami'ar Ahmadu Bello, tun tsakiyar shekarun 1970, malamai irin su Michael Etherton da Brian Crow, da ɗalibansu irin su Salihu Bappa da Oga Steve Abah, suka fara fita da wasan kwaikwayo daga jami'a zuwa Samaru da ƙauyuka. A 1977 suka yi Wasan Manoma a Soba, daidai lokacin da gwamnatin Obasanjo ke shelar ciyar da ƙasa. Sukan fara da sauraro, su ji kukan manoma kan taki da fili da rance, su gina wasa da Hausa a kai, a yi a dandali, a zauna a yi gardama. Abin da ya burge ni shi ne su da kansu suka dawo suka soki aikinsu, suka ce har yanzu mu ne masu zuwa mu tafi, ya kamata mutanen gari su riƙa gina wasan da kansu. A Kenya da aka bar manoma da ma'aikatan Kamirithu suka yi hakan tare da Ngugi wa Thiong'o, a ƙarshen 1977 gwamnati ta tsare shi, a 1982 ta rushe filin wasan. Daga nan za ku gane dalilin da ya sa hukuma ko'ina ta fi son wasan wanke hannu.

To me zan je in koyo? Na duba abin da ake koyarwa a sashen fasaha da al'adu na Jami'ar Abdu Mumuni a Yamai, da na Jami'ar Senghor da ke Iskandariya a Masar. Akwai dokokin gado, da tattalin arzikin al'adu, da yadda ake rubuta poroje, da jadawalin nan na manufa da sakamako da ma'auni. Wani abokina ya ce duk wannan koyon yaren masu kuɗi ne. Na ce na yarda, to ai shi nake so in iya. Shanun kuri sun samu layi a kasafin ƙasa ne saboda wani likitan dabbobi ya iya rubuta dalilin da ministan kuɗi zai gane. Na zauna na yi lissafi a bayan kaye: a ba gwani ɗaya abin cefane duk wata, a ba almajirai biyu abin da zai hana su tafiya leburanci, shekara uku, da sharaɗin shi zai zaɓi abin da zai koyar, a kuma naɗi abin a ajiye kwafi a hannun iyalinsa. Abin da na samu bai kai abin da na ga an kashe a taron bita na kwana biyu a otel ba, wanda ni ma na ci perdiyam ɗinsa, ba zan ɓoye muku ba.

Na san abin da za a ce, don an riga an faɗa mini a fada. Ɗaya ya ce mutane na kwana da yunwa kai kana zancen busa. Wani ustazu cikinmu ya ce gara ma ta mutu. Na farkon na ce masa tsohon nan ma yunwar yake ji, kuma sana'arsa ce abincinsa kamar yadda koma take abincin masunci. Na biyun mun daɗe muna ja, ba mu gama ba, sai dai na roƙe shi ya bar mutanen Abadam su yanke wa kansu, kar yaƙi ya yanke musu. Tsorona na gaske daban yake. Ina tsoron in dawo da digiri da kwamfuta in zama sufurefen Babanmu, ina zaune a gaba ina ba da maki. Jami'ar Difa da aka buɗe a 2014 tana nan kusa, ɗalibanta na zuwa Sayam auna ƙahon shanu da nonon da suke bayarwa, kuma ina ganin in har zan rubuta memuwar, a bukkar nan ya kamata in zauna, ko da malamaina suna Yamai.

Bayan Babbar Salla na koma. Wasu maƙwabtansa sun bi motocin da gwamnan Borno ya aiko sun koma Malam Fatori, shi yana ta saƙa da warwara, ya ce ƙafarsa ba ta iya gudu karo na biyu. Na tarar da jikansa, yaro ɗan shekara tara haihuwar Sayam, ya tsoma tsinken kara a kofin ruwa yana hurawa, kumatu sun kumbura. Haka ake koyon jan numfashi ta hanci ba tare da busa ta yanke ba. Da kumfar ta tsaya sai kakan ya ɗan taɓa masa ƙeya da yatsa, ya sake. Na gaya masa zancen karatun, na yi ta kame-kame wajen fassara sunan fannin da Barbarci. Ya saurara har na gama, ya ce:

"Wato in ka gama, kai ne za ka riƙa aiko a kira mu ranar 20 ga Yuni?"

Na ce, "Baba, ba haka nake fata ba."

Ya ce, "To. In za ka dawo ka taho mini da fatar akuya jemammiya daga kasuwar Difa, wannan ta jikin algaitar ta fara tsagewa."

Ranar 30 ga wata ake rufe karɓar dosiye. Fatar na saya, tana cikin jakata, wasiƙar ce har yanzu saura.